Taken Ni'ima a Wayar Wani

Kishi ba ya sallama. Duk inda ya ga dama yake faɗo wa mutum, shi kuwa Ladan a tsakiyar kasuwar Muda Lawal ya same shi.

Ya shigo ta layin 'yan atamfa da ledar lemo a hannu, zai kai wa Ni'ima a shagon mahaifiyarta, sai kunnensa ya tsinko kiɗan kalangu. Ya ja ya tsaya. Wani mai baro ya kusa kwashe masa ƙafa, ya yi masa baƙar magana ya wuce, Ladan bai ma ji ba.

Ya san kiɗan. Ina zai kasa saninsa, alhali hannunsa ne ya haife shi?

Taken Ni'ima ne. Su Ladan makaɗa ne kaka da kakanni a Wunti, kuma a gidansu take ba abin wasa ba ne. Kiɗa ne da ake yanka wa mutum ɗaya yadda tela ke yanka riga, ko ba a kira suna ba mai shi ya san da shi ake. A bikin wata ƙawarta ya fara kaɗa mata shi. Ta ɗago ta dube shi, ta ja gyale ta rufe fuska. Daga ranar ya rasa sukuni.

Yau ga taken yana fita daga wayar Abdulmuhaimin.

Abdulmuhaimin ɗan gwaggon Ni'ima ne, a GRA gidansu yake, kuma shi ne duk dangi suke so ta aura. Yana zaune a bencin shagon, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin mota a yatsa. A kan kiɗan kuma ga muryarsa, wata siririya kamar ta ɗan akuya, tana rera sunanta.

"A'a, sarkin kiɗa, ƙaraso mana," in ji shi. "Cinikinku nake yi. Jiya na sayi fakitin nan a manhajarku, dubi abin da na haɗa wa ƙanwata."

Ladan bai dube shi ba. Ni'ima yake kallo. Tana tsaye tana ninke atamfa, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa. Shi dai a idonsa murmushi ya gani a bakinta.

"Sannu da zuwa, Ladan," ta ce a hankali. "Yaya Abdul, don Allah rage ƙarar, mutane na kallo."

Yaya Abdul. Kalmar ta soki Ladan a ƙahon zuci. Ya dire ledar lemon a kan teburi da ƙarfi har ɗaya ya gangaro ƙasa, ya juya.

"Ba ka ji ƙarshen ba ai," Abdulmuhaimin ya bi shi da magana. "A ƙarshen ne na zuba basira."

Keke Ladan ya tara zuwa Wunti, ko ciniki bai tsaya yi ba.

A bayan wani shagon gyaran waya ofishinsu yake, in har za a kira shi ofis. Ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa don kada ƙara ta fita. Micah, abokin sana'arsa, mutumin Bogoro, yana zaune gaban kwamfuta yana cin ƙosai. Shi ya ƙera manhajar, suka sa mata suna Kazagi. Mutum ya sauke ta a waya, ya jera kiɗa da ɗan yatsa, ya ɗora murya, ya fito da waƙarsa. Ganga da kuge kyauta ne. Mai son kalangu da kotso da sauran kiɗa mai daɗi, sai ya sayi fakiti.

"Wa ya ce ka sa taken nan a kasuwa?" Ladan ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Wane take kuma?"

Ladan ya buga shi a kan teburi da tafin hannu. Micah ya washe baki.

"Wannan? Ai shi ne zakaranmu. Tun da muka buɗe kanti ba a taɓa rububin wani abu kamarsa ba. Jiya har daga Gombe aka saya."

"Na Ni'ima ne."

Micah ya ajiye ƙosan.

Ga yadda abin ya faru. Al'adar makaɗan gidansu Ladan ce, in an gama aiki ba a ajiye kalangu haka kawai, sai an rufe da taken wanda ke ran makaɗi. Ranar da suka ɗauki sautin sabon fakiti, Ladan ya gama, ya goge gumi, hannunsa ya tafi inda ya saba. Na'ura kuwa ba ta san al'ada ba, tana kunne. Micah ya zo tacewa, ya ji abu mai daɗi a ƙarshe, ya yanka ya zuba cikin kaya.

"To ni ina zan sani, mutumina? Kai ka ce duk abin da ke ciki in yi amfani da shi. Ba ka rubuta masa suna a goshi ba."

"Cire shi yanzu."

"In cire daga ina? Wanda ya saya, ya riga ya sauka a wayarsa. Sai dai ka bi Bauchi gida-gida kana ƙwace waya."

"Tun farko sai da na ce kada mu sayar da kiɗa. Na ce a bar komai kyauta, wanda ya ji daɗi ya yi mana alheri. Ubana bai taɓa yanka wa kiɗa farashi ba."

"Ubanka liƙi ake masa a goshi," in ji Micah. "Kuma liƙin nan shi ne roƙon da Baffan yarinyar ya ce ba ya so. Ka manta? Kai da bakinka ka dawo nan kana murna, ka ce an samu mafita, yanzu kai ɗan kasuwa ne ba maroƙi ba. Kyauta ba ta sayen data, ba ta sayen man janareta. In muka daina sayar da fakiti, Kazagi ta mutu, kai kuma ka koma bin gidajen biki."

Gaskiya Micah ya faɗa.

Baffa shi ne wan mahaifin Ni'ima, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar ƙanensa, malami ne da ake ji da shi a cikin gari. Da Ladan ya fara aikawa neman aurenta, amsa ɗaya Baffa ya bayar: ba ya haɗa jini da maroƙa. Da Ni'ima ta ƙi ci ta ƙi sha, ya sassauta, ya kafa sharaɗi. Ladan ya ajiye kalangu har abada, ya kama sana'ar saye da sayarwa. Ladan ya ɗauki alkawari. Ya ce abin da suke sayarwa tsofaffin kaset ne na marigayi mahaifinsa.

Kaset ɗin kuwa sun ci ƙasa, ban da shuu ba abin da ake ji. Shi ya sa yake shiga ɗakin kwalin ƙwai ya rufe ƙofa ya sake kaɗa komai da hannunsa. Daga shi sai Micah sai Ni'ima suka sani.

"Asabar fa Baffa zai duba kantin," Micah ya tuna masa. "In na sauke fakitin nan, rabin cinikin ya tafi. Me za ka nuna masa? Kanta babu kaya?"

"Kana nufin in zuba ido kowane ɗan iska ya sa ta a aljihu?"

"Kiɗa ya sa a aljihu, ba ita ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mu muka buɗe kanti."

Ladan ya shuri kujera ya fita.

Da la'asar ya je gidansu Ni'ima. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ya yi ja, ta tsaya a bakin zaure ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Ka kyauta," ta ce. "A gaban mutane ka jefar mini da lemo kamar wata almajira."

"Na ga kina da mai saya miki abin da ya fi lemo."

"Ladan."

"Murmushi kike yi. Da idona na gani."

"Kuka kake so in yi a tsakiyar kasuwa? In ce masa kashe, wannan nawa ne, Ladan ne ya kaɗa mini? Kafin magariba maganar tana kunnen Baffa."

"Tun yaushe yake zuwa shagon?"

"Shagon matar kawunsa ne. In kore shi?"

"Sau nawa ya kunna miki?"

"Ban ƙirga ba."

"Wato da yawa ke nan."

Ta dube shi, hawaye suka zubo. Ba ta share ba.

"Kai kake jin zafi? Ni fa? Abin da nake taƙama da shi a raina, nawa ni kaɗai, yau na ji shi a shagon mai aski. Wata yarinya mai tallan awara ta wuce tana rawa da shi. Na tambaye ka yadda aka yi? Na ce ka sayar da ni? Na haɗiye, don na san ba da gangan ka yi ba. Kai kuma ka zo kana tuhumata."

Jikinsa ya yi sanyi, amma bakinsa bai yi ba.

"Mai aski bai dame ni ba. Shi ne. Ya ɗora wannan muryar tasa a kai yana kiran sunanki."

"To ya kira mana. Suna ne, kowa ma kira yake. Wa nake amsa wa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta matso kaɗan, ta rage murya.

"Ka saurare ni da kyau. Baffa bai iya waya ba, don haka ya ce Yaya Abdul ya zo ran Asabar ya duba masa manhajar. Yaya Abdul ba wawa ba ne. Ya ce da Gwaggo sautin nan ya fi ƙarfin tsohon kaset. Zargi yake, amma ba shi da shaida. Shaidarsa ɗaya ce, bakinka. Zai tsokane ka. Duk abin da ya ce, ka ce to."

"Ko me ya ce?"

"Ko me ya ce. Na gaji, Ladan. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata. Inna kullum cikin kuka, wai na zaɓi ɗan makaɗa na bar ɗan'uwana. Ƙannena ma in na wuce sai su kama buga faranti. Duk na jure. Abu ɗaya nake roƙonka, ka riƙe bakinka na yini ɗaya. In Baffa ya ce ya yarda, ka yanka mini wani taken a cikin ɗakinmu, inda ba mai ji."

"Ba a yi wa mutum take biyu."

"To ka zauna da ni ba take. Ni kake so ko kiɗan?"

"Ke."

"Rantse."

Ya rantse. Ta share fuska da bakin gyale ta shige gida, ba ta waiwayo ba.

Ran Asabar da hantsi Ladan ya sa farar shadda, ya kafa hula, ya cire takalmi tun daga waje. Baffa na zaune a kan buzu a zaure, littattafai a gefensa, tabarau a kan hanci. Abdulmuhaimin na daga damansa, sai ƙamshin turare yake. Ƙofar cikin gida a sakaye take, amma Ladan ya hango gefen zane a ƙasanta, ya san wadda ke tsaye a wurin.

Aka gaisa. Baffa ba mai dogon zance ba ne.

"Ka ce kasuwanci kake. Nuna wa ɗan'uwanka, shi ya san kan abin."

Abdulmuhaimin ya ce ai ba sai an nuna masa ba, yana da ita a wayarsa. Ya buɗe ya matsa kusa da Baffa. Ya nuna masa inda kaya suke a jere, da inda ake biya, da yadda kaya ke sauka in an biya. Bai rage komai ba, har yabawa ya yi.

"Tsakani da Allah, Baffa, ciniki ne sosai. Ga kaya, ga farashi, ba roƙo ba liƙi."

Baffa ya gyaɗa kai.

"Kiɗa dai ba abin so ba ne a wurina. Amma mai sayar da kaset ɗan kasuwa ne, ba maroƙi ba. In dai gadon mahaifinka kake sayarwa, hannunka bai taɓa fata ba, to da sauƙi."

Ladan ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Saura kaɗan.

"Bari ka ji wanda na saya," in ji Abdulmuhaimin.

Ya danna. Taken ya cika zauren, tas, ba ƙura ba shuu. Wannan karon ba muryarsa a kai, ya san gaban wanda yake. Ladan ya kafa ido a kan tabarma.

"Yanzu wannan nawa ne, ko ba haka ba, Ladan? Tunda na biya."

"Haka ne," in ji Ladan.

"In ga dama in sa wa duk wanda nake so?"

"Haka ne."

"Madalla. Ni Ni'ima na sa wa. In ta kira ni, shi ke tashi a wayata."

Ladan ya danne babban yatsansa a ƙarƙashin cinya har ya ji zafi. Tana kiransa ke nan? Tun yaushe? Me suke cewa? Ya tuna rantsuwarsa, ya haɗiye.

Baffa ya ɗaga hannu alamar a kashe, amma Abdulmuhaimin ya yi kamar bai gani ba.

"Abin da ya ba ni mamaki, Baffa, an ce wannan irin kiɗan take ne, mutum ɗaya ake yi wa. Kuma daga ji na mace ne. Shi ne nake ta tunani, wace ce marigayi ya yi wa? Ladan, kai ka san tarihin gidanku."

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba? To ni na tambaya. Wani tsoho a tasha ya ce mini irin wannan matan gidan magajiya ake yi wa a da. Mai zaman kanta in ta yi liƙi da yawa, sai a yanka mata nata. Ka ji yadda yake karairaya? Ai daga ji ka san ba na 'yar mutunci ba ne." Ya yi 'yar dariya. "Ni dai na wanke shi na ba ƙanwata. Ta ce ya yi mata daɗi."

Ƙarya yake. Ladan ya san ƙarya yake, ba wani tsoho ba wata tasha. Ya san rami ne aka haƙa, har an nuna masa bakinsa tun kafin ya zo. Amma ya ji kalmar ƙarshe, ta ce ya yi mata daɗi, sai ya ga Ni'ima a shago tana ninke atamfa tana murmushi, ga wannan a benci yana kaɗa makulli.

"Ba na karuwa ba ne."

Maganar ta kuɓuce wa Ladan. Gefen zanen da ke ƙasan ƙofa ya motsa.

"To na wace ce?" Abdulmuhaimin ya tambaya a hankali.

"Na Ni'ima ne. Tun kafin ka san hanyar shagon nan nata ne. Ba kai ka ba ta ba, kuma ba ka isa ka ba ta ba. Ni na yanka mata shi."

"Kai? Ai kaset ɗin marigayi ne."

"Hannuna ne. Duk abin da ke cikin wayar nan hannuna ne."

Abdulmuhaimin ya kashe kiɗan. Ya sa wayar a aljihu, ya jingina da bango. Aikinsa ya ƙare.

Baffa ya cire tabarau, ya ninke, ya ajiye a kan littafi. Bai ɗaga murya ba.

"Bayan alkawarin da ka yi mini ka kaɗa?"

"Allah gafarta Malam, kaset ɗin ne suka..."

"Bayan alkawarin ko kafin?"

"Bayan."

"Kuma 'yar ƙanena ka yi wa kiɗa, ka zuba a kasuwa, duk mai 'yan canji ya saya."

"Kuskure ne, Baffa. Wallahi kuskure ne."

"Sayarwar ce kuskure. Kaɗawar fa?"

Baffa ya girgiza kai.

"Na so in yi maka uzuri, yaro. Allah ya sani na so, don yarinyar nan ta wahala a kanka. Amma wanda ya kasa riƙe alkawarin kalangu, ban ga yadda zai riƙe na aure ba. Tashi ka je. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya ɗauki littafinsa ya buɗe.

Ladan ya tashi ya fita. A waje ya sunkuya yana laluben takalmi, sai ya ji an buɗe ƙaramar ƙofar gefe, wadda mata ke bi. Ni'ima ce. Ba kuka take ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

"Ni'ima, kin ji abin da ya ce a kanki. Yaya zan yi shiru?"

"Na ji. Ni aka zaga, kuma na yi shiru."

"Kina kiransa a waya?"

Ta dube shi tun daga hula har ƙafa, ta daɗe tana kallonsa.

"Har yanzu abin da ke ranka ke nan?"

"Ki dai faɗa mini."

"Ban taɓa kiransa ba. Ko lambarsa ba ni da ita." Ta kama ƙofar. "Ka ci gardama, Ladan. Kowa ya ji, taken naka ne. Sai ka je ka riƙe abinka."

Ta rufe ƙofar, ya ji ta zura sakata.